DARASIN WANNAN WATA: KATHERINE ESAU, MATAR DA TA LEƘA CIKIN JIKIN TSIRO

Duk manomin da ya taɓa shiga gonarsa da safe ya tarar ganyen gyaɗarsa ya ƙanƙance, ya murɗe, ya yi ruwan ɗorawa, ya san ɓacin rai. Ya duba ƙasa, akwai danshi. Taki kuwa ya zuba. Akuya ba ta shiga ba, fara ba ta sauka ba. To, me ya sami shukar? Abin da ya same ta yana can cikin jikinta, inda ido ba ya kaiwa.

Darasin wannan wata a kan wata mata ne da ta yi fiye da shekara 60 tana leƙa cikin jikin tsiro da madubin bincike, don ta gane yadda cuta take shiga da hanyar da take bi. Sunanta Katherine Esau. Baturiya ce, kuma a ƙasar Amurka ta yi aikinta. Ana son malamin aji ya karanta darasin da ƙarfi sau ɗaya, sannan ɗalibai su karanta sashe-sashe.

HAIHUWARTA DA GUDUN HIJIRA

An haifi Katherine Esau ranar 3 ga Afrilu, 1898, a wani gari mai suna Yekaterinoslav. A lokacin garin yana ƙarƙashin Sarkin Rasha. Yanzu ana kiransa Dnipro, yana cikin ƙasar Yukren. Iyayenta asalinsu Jamusawa ne, mabiya wata ɗariƙar Kirista da ake kira Menonayit. Mahaifinta injiniya ne, har ya riƙe muƙamin magajin garin.

A 1916, tana da shekara 18, ta tafi birnin Mosko ta shiga kwalejin aikin gona ta mata. Shekara ɗaya kawai ta samu. A 1917 aka yi juyin juya hali a Rasha, aka tumɓuke sarki, ƙasa ta rikice. Karatu ya tsaya, ta koma gida.

Zaman gidan ma bai yiwu ba. Sababbin masu mulki ba sa ga maciji da waɗanda suka riƙe muƙami a tsohuwar gwamnati, kuma mahaifinta yana cikinsu. A watan Disamba na 1918 iyalin suka bar gidansu da dukiyarsu, suka shiga jirgin ƙasa mai mayar da sojojin Jamus gida. Sai da suka yi kimanin mako biyu a hanya kafin su isa Berlin, babban birnin Jamus.

A Berlin ta sake shiga kwalejin aikin gona. A da da Rashanci take karatu, yanzu kuwa sai da Jamusanci. Ta koyi ilimin inganta iri a wurin wani shahararren malami mai suna Erwin Baur, ta kuma yi aikin koyo a gonaki. Ta gama a 1922. A wannan shekarar ce iyalin suka sake ɗaura kaya suka ƙetare teku zuwa Amurka, suka sauka a wani ƙaramin gari mai suna Reedley a jihar Kalifoniya.

DAGA AIKATAU ZUWA GONAR SUKARI

Ga ta da takardar shaidar kwaleji, amma aikin da ta fara samu a Amurka shi ne aikatau a gidan wasu mutane, tana shara tana girki. Ba ta raina ba. A nan ta gyara Turancinta, ta koyi al'adun mutanen ƙasar. Daga nan ta sami aiki a wata gonar iri a garin Oxnard. Bayan kamar shekara guda sai kamfanin sukari na Spreckels, kusa da garin Salinas, ya ɗauke ta.

A ƙasar nan da rake ake yin sukari. A ƙasashe masu sanyi kuwa akwai wani tsiro da ake kira bit. Yana da saiwa fara mai kauri, siffarta kamar ta karas amma ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Daga wannan saiwa ake tatso sukari. A waɗannan shekaru wata cuta ta addabi manoman bit a yammacin Amurka. Ganye sai ya nannaɗe, shuka ta tsumbure, saiwa ta ƙi girma. Saboda haka a wannan darasi za a kira ta cutar nannaɗe-ganye. Wani ɗan ƙwaro mai tsalle, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba, shi ke ɗaukar ta daga wannan shuka zuwa waccan.

Aikin da aka ba Katherine shi ne ta nemo irin bit da zai jure wa cutar. Tana shiga gonar da cuta ta cinye, ta zaɓi 'yan tsirarun da suka tsira, ta ajiye irinsu, ta sake shukawa, ta sake zaɓa. Aiki ne irin wanda manomi yake yi idan yana ware zangarniya mai kyau don irin baɗi, sai dai ita tana rubuta komai.

ABIN DA YA MAYAR DA ITA ƊAKIN BINCIKE

Wajen 1928 ta koma karatu a reshen Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis, inda jami'ar take da babbar gona. Niyyarta ta ci gaba da neman iri mai juriya. Amma don a gwada juriyar iri, dole a saki ƙwarin da ke ɗauke da cutar a cikin gona. Sauran masu bincike da ke da bit a wurin ba su yarda ba, domin cutar za ta faɗa wa nasu.

Wani da ya ga ƙofa ta rufe sai ya haƙura. Ita kuwa sai ta canza tambaya. Ta bar neman irin da zai jure, ta koma neman abin da cutar take yi wa shuka a ciki. Wannan tambaya ba ta bukatar babbar gona. Tana bukatar madubin bincike, da wuƙa mai kaifi, da haƙuri. Ta gama digirinta na dakta a 1931, tana da shekara 33, kuma jami'ar ta riƙe ta tana koyarwa a Davis.

YAYA CIKIN TSIRO YAKE?

Kafin a fahimci abin da ta gano, sai an san abu uku.

Na farko, madubin bincike. Shi ne irin na'urar da ma'aikacin asibiti yake leƙawa idan yana gwajin jini. Mai kyau daga cikinsu yana ƙara girman abu kamar sau 1,000. A 1665 wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya yanki ɓawon wata bishiya siriri ya leƙa. Sai ya ga ashe 'yan ɗakuna ne jere, kamar saƙar zuma. Kowane ɗaki shi ake kira ƙwayar halitta. Jikin kowane tsiro, daga ciyawa har kuka, da irin waɗannan 'yan ɗakuna aka gina shi, kamar yadda ake gina gida da tubali.

Na biyu, jijiyar ruwa. Wasu daga cikin 'yan ɗakunan suna haɗuwa baki da baki su zama bututu. Wannan bututu yana ɗauko ruwa da sinadarin taki daga saiwa ya kai su ganye. Masana suna kiransa zailem. Itacen da ake faskarawa a yi girki, yawancinsa tsohuwar jijiyar ruwa ce.

Na uku, jijiyar abinci. Ganye shi ne madafin tsiro. A nan ake haɗa ruwa da iska da hasken rana a sami sukari. Akwai wani bututu dabam da ke kwashe wannan sukari ya rarraba shi: ya kai wa saiwa, ya kai wa fure, ya kai wa 'ya'ya da sabon toho. Masana suna kiransa fuloyem. A jikin bishiya, wannan jijiya tana nan a cikin ɓawo ta ciki, daf da itace. A mahaɗar kowane ɗaki da na gaba akwai bango mai 'yan huji kamar rariya, ta nan abincin yake wucewa.

Wanda yake shan rake ya san zare-zaren da ke maƙalewa a haƙori. Wanda ya ɓare karan dawa ya ga irinsu a cikin totuwa. Kowane zare, jijiyar ruwa ce da jijiyar abinci a ɗaure wuri guda.

ABIN DA TA GANO

Aikin ba na gaggawa ba ne. Za ta yanko ɗan guntun ganye ko saiwa, ta jiƙa shi a magani don kada ya lalace, ta dasa shi cikin kaki, sannan ta yanka shi da na'ura fallen-fallen, kowane falle bai kai kaurin gashin kai ba. Sai ta rina shi don sassan su bambanta, ta ɗora a kan gilashi, ta leƙa, ta zana, ta ɗauki hoto. Haka za ta yi wa shuka mai kwana kaɗan, da mai mako guda, da wadda ta girma, mai lafiya da marar lafiya.

Abin da ke haddasa cutar nannaɗe-ganye wata ƙwayar cuta ce da ake kira bairos. Ƙanƙantarta ta kai madubin wancan zamani ba ya iya nuna ta. To, yaya za a bi sawun abin da ba a gani? Sai ta bi ɓarnar da yake bari, kamar yadda maharbi yake bin sawun naman da bai gani ba. Ta lura cewa a kowace shuka ɓarnar daga wuri ɗaya take farawa, wato jijiyar abinci da 'yan ɗakunan da ke maƙwabtaka da ita. Wasu su kumbura, wasu su yi ta rabuwa barkatai, wasu su mutu. A sabon ganye kuma ba a ganin alamar cutar sai bayan jijiyar abinci ta farko ta nuna ta fara aiki.

Da wannan ta tabbatar cewa cutar ta cikin jijiyar abinci take tafiya. Ɗan ƙwaron yana da baki kamar allura. Yana soka shi har cikin jijiyar don ya tsotsi ruwa mai zaƙi, a nan yake zuba cutar. Ita kuma sai ta bi abinci duk inda ya nufa. Idan jijiyar ta lalace, sukari ba ya isa saiwa. Shi ya sa saiwa take tsumburewa ko da ƙasa tana da ruwa da taki.

A cikin wannan aiki ta gane wani abu da ya zama ginshiƙin rayuwarta: ba a gane jikin marar lafiya sai an san yadda na mai lafiya yake. Ta tarar abin da aka rubuta a kan jijiyar abinci ta lafiyayyen tsiro kaɗan ne, wani ma da kuskure. Sai ta zauna ta bi shi daki-daki a jikin bit, da taba, da karas, da inabi, da wasu itatuwa, tana nuna yadda jijiyar take fara samuwa da yadda take tsufa.

LITTATTAFANTA

A 1949 ta zama cikakkiyar farfesa. A 1953 ta fitar da babban littafinta mai suna Plant Anatomy, wato bayanin ginin jikin tsiro. Ta tsara shi yadda ɗalibi zai bi tsiro tun yana toho har ya girma, da zane da hotuna masu yawa. An fassara shi cikin harsuna da dama, ya zama littafin koyarwa a jami'o'in duniya. A 1960 ta fitar da wani wanda ya fi shi gajarta, Anatomy of Seed Plants. A 1969 kuma ta rubuta littafi sukutum a kan jijiyar abinci kaɗai. Littafin farko bai mutu ba, domin a 2006 wani masani mai suna Ray Evert ya sabunta shi, aka sake bugawa da sunanta a bangonsa.

A 1957 aka zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka. Ita ce mace ta shida da ta taɓa shiga wannan majalisa.

SABON MADUBI BAYAN SHEKARA SITTIN

A 1931, shekarar da ta gama digirinta, wasu Jamusawa biyu, Ernst Ruska da Max Knoll, suka ƙera wani sabon madubi. Shi ba da hasken fitila yake aiki ba, da wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki ne da ake kira ilektiron. Da aka inganta shi, sai ya zama yana ƙara girman abu fiye da sau 100,000. Amma sarrafa shi sai an koyi sabuwar sana'a. Yankan ma ba da wuƙar ƙarfe ake yi ba, da ta gilashi ce ko ta lu'ulu'u.

Wajen 1960 Katherine ta fara koyon aiki da wannan madubi. Shekarunta 62. Ta riga ta yi suna, littafinta yana hannun ɗalibai ko'ina, ba wanda zai zarge ta da ta ce ta gaji. Amma ta koma ta zama ɗaliba. A 1963 ta tashi daga Davis ta koma reshen jami'ar da ke Santa Barbara, don ta ci gaba da aiki da abokin bincikenta Vernon Cheadle. A 1965 ta yi ritaya a takarda, amma ba ta daina zuwa ɗakin bincike ba.

A nan ne haƙurinta ya biya. A 1967 ita da abokan aikinta biyu, James Cronshaw da Lynn Hoefert, suka buga hotunan wani bairos da ke sa ganyen bit ya yi ruwan ɗorawa. Ga shi nan kamar zare-zare a cikin jijiyar abinci, har a cikin hujin rariyar da ke tsakanin ɗaki da ɗaki. Irin abin da ta yi fiye da shekara 30 tana bin sawunsa, yanzu ta gan shi da idonta a kan hanyar da ta faɗa.

Ta ci gaba da bincike da rubutu har ta haura shekara 90. A 1989 gwamnatin Amurka, a zamanin Shugaba George Bush babba, ta ba ta lambar girma ta ƙasa ta fannin kimiyya. Ta rasu ranar 4 ga Yuni, 1997, a Santa Barbara, tana da shekara 99.

INA RUWAN MANOMI DA WANNAN LABARI?

A kan amfanin gonar Amurka ta yi bincikenta. Amma ginin jikin tsiro iri ɗaya ne a ko'ina, kuma ƙwari masu tsotsa suna nan a kowace ƙasa. Ga abubuwa huɗu da suka shafi manomi kai tsaye.

1. Kuturtar gyaɗa. Dattawa ba su manta 1975 ba, shekarar da wannan cuta ta cinye gonakin gyaɗa a arewacin Nijeriya, aka yi hasarar da ta kai kimanin hekta 700,000. Bairos ne ke kawo ta, kuma darɓa ce ke yaɗa ta idan tana tsotsar jijiyar abinci. Ba ta bin iri. Shukar da ta kamu ba ta da magani, ƙarin taki ba zai tashe ta ba. Abin yi shi ne rigakafi: a yi shuka da wuri, a shuka kusa-kusa don ganye ya rufe ƙasa, a cire gyauro da shukar da ta fara nuna alama. A kuma nemi iri mai juriya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da ire-iren gyaɗa masu suna SAMNUT, kuma akwai masu jure wa kuturta a cikinsu. Malamin gona zai faɗi wanda ya dace da kowane yanki.

2. Cutar zane a ganyen masara. Idan ganyen masara ya yi dogayen zane fari-fari ko ruwan ɗorawa, shuka ta tsumbure, sau da yawa bairos ne. Dangin wanda Katherine ta fara bincike a kansa ne, kuma ɗan ƙwaro mai tsalle ne ke kawo shi. Masarar da aka shuka a makare ta fi kamuwa. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da iri masu juriya.

3. Sassaƙe. Mai ɗibar ɓawon maɗaci ko na ƙirya don magani ya sani cewa jijiyar abinci tana cikin ɓawon. Idan ya sassaƙe gefe ɗaya kaɗan, bishiya za ta iya warkewa. Idan kuwa ya zagaye ta duka, ya yanke hanyar abinci zuwa saiwa. Ganye zai ci gaba da zama kore na wani lokaci, domin jijiyar ruwa tana can ciki ba a taɓa ta ba. Amma saiwa tana mutuwa da yunwa, kuma daga baya bishiyar za ta bushe. Haka abin yake idan akuya ta gwaguye dashe ta zagaye shi, ko aka ɗaure shi tamau da waya.

4. Karatu. Wannan mata ta fara karatu da Rashanci, yaƙi ya katse shi. Ta sake da Jamusanci, ta sake da Turanci, ta yi aikatau a tsakani. Ta koyi sabuwar na'ura tana da shekara 62. Ɗalibin ajin manya da ke jin kunyar riƙe fensir saboda furfura ya tuna da ita. Gemu ba ya hana ilimi.

SABABBIN KALMOMI

Ƙwayar halitta: ɗan ƙaramin ɗaki da ake gina jikin mai rai da shi.
Zailem: jijiyar da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye.
Fuloyem: jijiyar da ke rarraba abinci daga ganye zuwa sauran jiki.
Bairos: ƙwayar cuta mai ƙanƙanta ƙwarai, wadda ba ta hayayyafa sai a cikin jikin mai rai.
Bit: tsiro mai farar saiwa da ake yin sukari da shi a ƙasashe masu sanyi.

GWAJIN DA ZA A YI A AJI

A sami kwalba, a zuba ruwa rabi, a jiƙa jar galura a ciki. A yanko ɗanyen karan masara ƙarami ko reshen alayyafo da ganyensa, a tsoma gindinsa nan take. A ajiye a inuwa mai iska tun safe har la'asar. Sannan a ciro, a yanka karan a tsakiya da reza. Za a ga ɗigo-ɗigo ja a cikinsa. Waɗannan su ne jijiyoyin ruwa. Kowane ɗalibi ya zana abin da ya gani a littafinsa, ya rubuta kwanan wata a ƙasa.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka haifi Katherine Esau, kuma shekarunta nawa da ta rasu?
2. Me ya sa iyalinta suka bar garinsu a 1918?
3. Me ya hana ta ci gaba da gwajin iri a gonar Davis, kuma me ta yi maimakon haka?
4. Mene ne bambancin jijiyar ruwa da jijiyar abinci?
5. Me ya sa bishiyar da aka zagaye da sassaƙe ba ta bushewa nan da nan?
6. Kawo hanyoyi uku na kare gyaɗa daga kuturta.
7. Shekara nawa ne tsakanin 1931 da 1967?